Kwamanda Labaran da Jirgin Alhaji Mai Riɗi

Wani mutum ne a unguwarmu, sunansa Labaran, amma kowa Kwamanda yake ce masa. Ba soja ba ne, ba ɗan sanda ba. Shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka bi, don in Labaran ya fara zuba, ko kurma sai ya gyara zama.

A bakinsa dai babu babban mutumin da bai taɓa tsarewa ba. Jirgin sama kuwa, wai ya hau har ya gundure shi. "Ni fa da jirgi ya tashi sai barci," in ji shi. "Sai an isa Dubai ake tashina. Turanci kuwa, da matuƙa nake hira." Mu kuma, Allah ya shirye mu, baki sake muke sauraro, har shayi muke saya masa. Alhali shekara tara ya yi yana gadin wani gareji a bayan katangar filin jirgi. Jirage kam ya gan su, amma ta ƙarƙashi.

Ana nan sai wata rana aka yi wa Alhaji Hamisu Mai Riɗi wayar barazana. Wasu ne suka ce sun san shigarsa, sun san fitarsa. Ga shi kuma ranar Talata zai je Legas a ɗan jirgin shata, zai sa hannu da wasu baƙi da suka zo daga ƙasar waje sayen riɗi. Hankalinsa ya tashi. Direbansa Tanimu, wanda shi ma ɗan majalisarmu ne, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai muna da Kwamanda."

Aka kira Labaran. Ya zo da baƙin tabarau, yana tafe yana waige-waige kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

"Alhaji, hatsarin babban mutum ba a sama yake ba," ya ce. "Tsakanin gida da filin jirgi yake. Nan ake tare mutum."

Wannan kam gaskiya ce, a rediyo ya ji. Alhaji ya gyaɗa kai.

"Don haka ranar tafiya ni zan sa babbar rigarka, in shiga motarka. In harbi ne, ni za a harba. Kai kuwa ka sa tsohuwar riga, ka hau adaidaita-sahu kai kaɗai. Wayarka ma ka ba ni in kashe, da ita ake bin sawun mutum. Ka tsaya a bakin ƙofar filin jirgi, ni da kaina zan fito in shigar da kai."

"Kai, wannan bawan Allah ya san aiki," in ji Alhaji.

Talata da hantsi Labaran ya zuba babbar riga fara ƙal, mai aiki har gwiwa, ya kafa hula, ya ƙame a bayan mota. Zanen aro dai ba ya rufe katara, amma ranar ya rufe. A ƙofar da masu ƙananan jirage ke shiga, masu gadi suka ƙame, aka sara masa. Kansa ya ƙara girma. Ya sauke gilashi.

"Ku saurara. Akwai miyagu a bayana. Duk wanda ya zo ya ce shi ne Alhaji Hamisu, ku riƙe shi. Kada ku saurari ko kalma ɗaya."

Tunaninsa, in ya fito daga baya ya ce a saki mutumin, Alhaji zai ga irin ƙarfin ikonsa.

Ya sallami Tanimu, ya ce bari ya shiga ya duba jirgin ciki da bai. Yana sa ƙafa sanyi ya buge shi. Kujera kamar gadon amarya. Wata ma'aikaciya ta rusuna, "Sannu da zuwa, Alhaji," ta ajiye masa gasasshiyar kaza da lemo mai ƙanƙara. Labaran ya ce a ransa, binciken abinci ma ai tsaro ne, ko an sa guba. Ya binciki cinya. Ya binciki ƙirji. Ya koma kan fukafukai.

Sai matuƙin jirgi ya leƙo, wani dogo, bai taɓa ganin Alhaji ba. Ya yi ta surfa Turanci ratata. Abin da yake cewa shi ne lokacin da aka ba su na tashi ya yi, mai tsaron Alhaji bai zo ba, a tafi a bar shi? Labaran bai tsinci ko wasali ba. Amma ga ma'aikaciya tsaye, ina zai ce bai ji ba? Ya ɗaga ƙashin kaza, ya ce, "Yas, yas. No furobulam."

Garam! Aka rufe ƙofa.

Da farko ya ɗauka don sanyi kada ya fita ne. Sai ya ji wuuuu. Sai ya ga gini yana tafiya. Ya buɗe baki zai ce a tsaya, jirgi ya zabura fiii, ya ƙanƙame hannun kujera. Da ya leƙa taga ya hango tsohon garejinsa ya zama kamar ashana, sai ya rufe ido ya kama salati.

"Labaran," yake ce wa kansa, "baki shi ke yanka wuya. Kai da ko tsani ka hau sai jiri ya ɗebe ka, me ya kai ka? Ina gadinka, ina bencinka, ina sandarka?"

Suka shiga gajimare, jirgi ya yi gwaf, ya yi tsalle kamar akwalar mota a hanyar ƙauye.

"Wayyo Inna! Baiwar Allah, a ce wa direba ya tsaya! Zan sauka!"

"Alhaji, kwantar da hankalinka, iska ce kawai."

"Ni ba Alhaji ba ne! Ko Kaduna a jirgin ƙasa na je! A tsaya!"

Ta ɗauka ruɗewa ce, ta miƙa masa leda. Ledar kuwa ta yi amfani, don kazar nan duk ta dawo, har da abin da ya ci shekaranjiya.

A can ƙasa kuwa, Alhaji ya iso cikin tsohuwar riga da silifa, ya tsaya a rana yana jiran Kwamanda. Shiru, shiru. Ya matsa ya ce wa masu gadi, "Ni ne Alhaji Hamisu."

Suka dubi juna. "Lallai mutumin nan ya faɗa. Zo nan, malam."

Caraf! Babu waya, babu katin shaida, duk suna aljihun babbar riga. Aka zaunar da shi a benci, yana ji yana gani jirginsa ya wuce ta kansa. Sai da ya yi awa guda yana rantsuwa kafin wani ya tausaya ya ara masa waya ya kira Tanimu.

A Legas, Malam Nafi'u manajan Alhaji yana tsaye da baƙin nan su uku, ana ta murmushi. Ƙofa ta buɗe. Sai ga wani mutum yana saukowa da baya, da rarrafe, hula a karkace, tabarau ido ɗaya, riga duk lemo. Yana taka ƙasa ya durƙusa ya dafa ta da hannu biyu kamar zai rungume ta.

"Kai wane ne? Ina Alhaji?" in ji Malam Nafi'u.

"Alhaji yana... yana wuri mai tsaro."

Bai rufe baki ba wayar Malam Nafi'u ta yi ƙara. Lambar Tanimu ce, amma muryar ta Alhaji. Ya buɗe ta kowa na ji.

"Nafi'u, ba ni ɗan banzan nan."

"Ranka ya daɗe," in ji Labaran, "barka da arziki. Ka ga dai babu wanda ya taɓa ka."

"Babu wanda ya taɓa ni? Shekara talatin ina fatauci, ko takalmi ba a taɓa ɗauke mini ba. Yau kwana ɗaya da ɗaukarka, an raba ni da riga, an raba ni da waya, an raba ni da jirgi, an kuma tsare ni a benci. Su masu barazanar me ya rage musu?"

Labaran ya share gumi. "Wallahi babu, ranka ya daɗe. Na gama musu aikin."

"To, baƙi su yi haƙuri zuwa la'asar. Jirgi ya juyo yanzu ya ɗauke ni. Kai kuma ka shiga ka dawo mini da kayana."

Labaran ya waiwaya ya dubi jirgin. Jirgin ma kamar shi yake kallo. Nan take ya tuɓe babbar riga, ya cire hula, ya ɗora wayar Alhaji a kai, ya miƙa wa ma'aikaciya. Ya tsaya daga shi sai singileti a gaban baƙi.

"Kayan su bi sama. Ni, don girman Allah, a nuna mini tashar mota."

 Daga wayar Malam Nafi'u Alhaji ya ce, "Nafi'u, a nuna masa. Amma ka haɗa shi da wanda zai sa masa ido, kada ya gudu da motar mutane ita ma."