Tabon da Ke Girata ta Dama

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da bindiga ta kayar da ni a gaban surukina, alhali ko harsashi babu a cikinta. Ko da na so in manta ma ba zai yiwu ba, domin duk safiya idan na tsaya gaban madubi sai na ga wani ɗan tabo a girata ta dama, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. A ranar na same shi.

Ni direban bas ne a Manchester, a Levenshulme nake zaune da iyalina. Yayana, Allah ya jiƙansa, injiniya ne a Birmingham. Mu biyu kaɗai ne a ƙasar nan daga gidanmu. Shekaru da suka wuce ya ɗauko wata ɗabi'a da ta ba kowa mamaki, wato farautar barewa. Ya yi lasisi, ya sayi bindiga, ya yi abota da wani tsohon Bature mai suna Colin, wanda ke kula da dajin wata gona a yammacin Birmingham. Idan kaka ta yi sai ya taho mana da cinyar barewa a cikin kula, ya dire a kicin ya ce, "Da bakina na yi bismilla, da hannuna na harba. Ku ci babu shakka." Ya sha cewa in raka shi. Kullum ina da aiki. (Ba kullum ne nake da aikin ba. Sanyi nake gudu.)

'Yarsa ɗaya ce, Nafisa, kuma ita ce ke raka shi. Tun tana sakandare yake ce mata ranar aurenta ba wanda zai ci dambun naman shago, shi zai shiga daji ya kawo. A sanyin bara ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

Da aka sa ranar auren Nafisa da wani yaro likita mai suna Mubarak, muna zaune a falonsu ana lissafin abinci, sai mahaifiyarta Hajiya Binta ta zo kan dambu ta dakata da lissafin. Nafisa ta sunkuyar da kai. Na san ta iya harbi, amma na kuma san tun rasuwar ba ta iya ko jin zancen dajin nan. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Ni zan kawo. In babu uba ai akwai baffa. Kun manta ni jikan Sarkin Baka ne?"

Gaskiya ne kakanmu mafarauci ne, har sarautar ya riƙe a ƙauyenmu. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni duk rayuwata babban abin da na taɓa harbowa shi ne ƙadangare, da danƙo, shi ma wutsiyar kawai na samu.

Wata Asabar muka tafi wajen Colin, ni da Nafisa, Mubarak yana tuƙa mu. Na sha hular sanyi da wata jibgegiyar riga mai launin ganye da na saya a kasuwar Gorton. Colin ya yi min gaisuwar rashi cikin ladabi, sannan ya gaya min ƙa'idarsa. Zan iya harbi da aron bindiga muddin yana tsaye kusa da ni, amma ba zai bar ni in saita dabba mai rai ba sai ya ga na iya zuba harsasai wuri guda a jikin takarda. Idan ban iya ba, babu barewa. Ya faɗe shi a hankali, amma na ga ba wasa a ciki.

Tun bayan rasuwar, bindigar Yaya a wajen Colin take ajiye, kamar yadda doka ta tanada. Ya buɗe wata ma'ajiyar ƙarfe, sai ga bindigogi a jere. A nan ne na tuna ban taɓa ganin bindigar ɗan'uwana da idona ba. Amma na san Yaya. Dogo ne, kakkaura, muryarsa tana cika ɗaki. Idona ya faɗa kan wadda ta fi kowacce girma, baƙa, mai kaurin baki. Zuciyata ta karye. Na miƙa hannu na shafa ta, hawaye ya zubo min, na ce da ƙarfi, "Allah ya jiƙan mai wannan bindiga. Allah ya sa ya huta."

Mubarak ya ce, "Amin."

Nafisa ta ce, "Baffa, ai..."

Na ɗaga mata hannu. "Bari, Nafisa. Na san kayan ɗan'uwana."

Colin ba ya jin Hausa. Ya dai ga ƙato yana kuka a kan bindiga, ya kau da kai don kara. Da na natsa sai ya ɗauko wata siririya, mai gindin katako da ya sha hannu, ya ce da wannan ya kamata in fara. Harsashinta shi ake kira 243. Ya ce shurinta kaɗan ne, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗar mai harbi, kuma babu barewar da ke dajin nan da ba zai kayar ba, doka ma ta yarda da shi. Ya ɗora harsasan biyu a tafin hannunsa. Na ƙaramar kamar ɗan yatsa. Na babbar kuwa, wanda ya kira 300, har wani ƙyalli yake.

Na ce masa da Turancina na direba, na gode, amma wannan ta yara ce. Ni babbar zan harba. Ya kalli Nafisa. Nafisa ta kalli sama.

Aka kai ni wurin gwaji, Colin yana ɗauke da bindigogin biyu. Tebur ne da 'yar kujera marar majingini, takardar tana can nesa jikin tudun ƙasa. Colin ya gyara min zama, ya ce in matse gindin bindigar a kafaɗa, in ja fuskata baya daga madubin saitin. Na ja. Amma da ya matsa gefe sai na ga ai ba na gani sosai, na sake turo ido har girata ta kusa taɓa ƙarfen. Na yi bismilla, na ja kunama.

Na taɓa yin karo da motar ɗaukar shara a Stockport Road. Wannan ya fi. Ban san ina harsashin ya tafi ba, kuma har yau ba wanda ya sani sai tudun ƙasar nan. Abin da na sani shi ne madubin ya dawo ya sare ni a gira, jini ya rufe min ido, kafaɗata ta mutu.

Mubarak ya ruga mota ya ɗauko akwatin magani. Ku duba min wannan hali: yaron da ko cikakken kallo bai taɓa yi min ba saboda kunya, ga shi ya riƙe haɓata yana cewa, "Baba, ɗan ɗaga kai. Baba, kar ka motsa." Ya wanke, ya manne wajen da filasta.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa na ce kuskure ne aka samu, a sake ba ni. Colin ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗauki bindigar, ya juya min baya, na ji ƙarar ƙarfe yana ɗana ta, ya dawo ya ɗora min a tebur. Ya ce, "A hankali."

Na zauna. Na matse. Yanzu jikina ya riga ya san abin da ke zuwa. Tun kafin yatsana ya gama jan kunamar na runtse ido, na ƙanƙame wuya, na yi baya da dukkan ƙarfina ina cewa, "Innalillahi!" Kujerar ta zame. Na tafi ta baya, na faɗi warwas a cikin taɓo, ƙafafuna a sama, hular ta yi nata waje.

Bindigar kuwa abin da ta ce kawai shi ne: ƙyas.

Tana nan kan tebur ko motsi ba ta yi ba. Colin ya buɗe ta ya nuna min cikinta. Wayam. Ashe haka suke gwada mutum don ya ga tsoronsa da idonsa.

Ina kwance ina kallon gajimare. Mubarak ya ƙura wa takalmansa ido, kafaɗunsa suna rawa, sai ya yi wani tari ya ce, "Bari in duba ko na kulle mota." Nafisa ba ta da wannan uzurin. Ta durƙusa tana dariya har tana riƙe ciki, hawaye yana zuba. Rabon da in ji dariyarta tun kafin a kwantar da Yaya a asibiti.

Da ta samu numfashi ta ce, "Baffa, wallahi na so in gaya maka. Ba ta Abba ba ce. Ta Colin ce. Aladun daji yake harbi da ita in ya je kudu."

Na tashi zaune a cikin taɓon. Wato na yi kuka a kan bindigar aladu, na kuma nema wa mai ita rahamar kabari, alhali ga shi nan tsaye da ransa yana zuba shayi daga fulas. Surukina kuma ya ce amin.

"To ina ta Yaya?"

Ta nuna siririyar nan da na ce ta yara ce. Ba ta taɓa ta ba, da yatsa ta nuna. Dariyar ta tsaya, amma hawayen bai tsaya ba. Ta ce, "Ita kaɗai ya taɓa mallaka. Ya ce shi nama yake so ya kai gida, ba ƙara ba. Ya ce mutumin da ke tsoron bindigarsa dabba kawai zai azabtar."

Na ɗauki bindigar. Gefen katakon, inda kunci ke kwanciya, ya yi sumul ya ɗan yi duhu. Wannan karon ban yi addu'a da ƙarfi ba.

Da na isa gida da daddare matata ta buɗe ƙofa, ta kalli filastar, ta kalli taɓon, ta ce, "Baban Walid, barewar ce ta yi maka haka?" Na ce a ba ni ruwan wanka. Washegari idon ya kumbura ya yi baƙi. Sati guda fasinjoji suna shigowa bas suna kallona, wata tsohuwa har ta ce in kai ƙara wajen 'yan sanda.

Amma na koma. Duk ranar hutuna sai in kama hanyar Birmingham. Da farko ko ƙaramar ma runtse ido nake yi, domin tsoron da babbar ta dasa min bai san bambanci ba. Colin ya riƙa ba ni ita wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu, ba tare da na sani ba. A hankali na gane shurinta bai wuce aboki ya dafa ka a kafaɗa ya ce sannu ba. Idona ya fara zama a buɗe. Ramukan jikin takarda suka fara matsowa kusa da juna. Ranar da Colin ya ciro takardar ya rufe ramukan duka da murfin fulas ɗinsa, ya ce, "Yanzu sai daji," na ji kamar an ba ni sarautar kakanmu.

Muka fita da sassafe, saura 'yan kwanaki biki. Raɓa ta daskare a kan ciyawa. Ban roƙi Nafisa ta zo ba, ita ta ce za ta. Da muka sauka daga mota na juya zan ɗauki bindigar, sai na ga ta riga ta rataya jakar a kafaɗarta. Na bar mata.

Muka laɓe a bakin wani fili, Colin a hagu, ita a dama. Mun daɗe har yatsun ƙafata suka daina jin komai. Can sai ga barewa ta fito daga cikin itatuwa, ta tsaya ta ba mu gefe. Colin ya gyaɗa kai. Na saita, madubin ya fara rawa. Sai na ji Nafisa a kunnena, da wata murya ƙasa-ƙasa da na san ba ita ta ƙirƙiro ta ba: "Ja numfashi. Sauke rabi. Bayan kafaɗa. Kar ka manta bismilla."

Na ce, "Bismillahi, Allahu Akbar." Idona biyu a buɗe. Na ja kunama, na ga lokacin da barewar ta faɗi, a inda take tsaye, ba ta yi ko taku ɗaya ba.

Na yi niyyar in yi kirari irin na kakanmu, har na tanadi kalmomin tun a mota. Da muka isa kanta sai na kasa. Nafisa ta kama hannun rigata ta ce, "Sannu, Baffa." (Kirarin na yi shi daga baya, a waya, ga duk wanda ya yi kuskuren ɗauka.)

Hajiya Binta da kanta ta dafa naman, aka daka, aka soya. Barewa ɗaya ba ta ciyar da taron biki, don haka kowane tebur ɗan ƙaramin kwano ya samu. Da ta ɗanɗana a kicin sai ta ce, "Gidan ya yi ƙamshin Abban Nafisa." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya ishe ni.

Ni na yi waliccin Nafisa. Bayan an shafa fatiha, wani kawun ango da ya zo daga Kumasi ya riƙe hannuna, ya ƙura wa girata ido ya ce, "Alhaji, wannan tabo fa?" Na kai hannu kan tabon. Sai Mubarak, yana sunkuye cikin babbar rigarsa, ya ce, "A wajen farauta Baba ya samu. Shi ya harbo naman da za ku ci." Kawun ya jinjina min hannu, ya ce lallai an haɗa zuri'a da maza.

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar yaron. A nan hankalina ya kwanta cewa na ba da 'yar Yaya ga mai rufin asiri.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan za ka zaɓi harsashi, zaɓi wanda za ka iya harbawa idonka a buɗe. Idan kuma za ka yi kuka a kan kayan mamaci, ka fara tambaya ko nasa ne.