Ranar da Farfesa Ya Yi Kyautar Ƙwallo

Daga gonakin rake har bakin teku, Jamhuriyar Dominika ba ta taɓa haifar ɗan besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, da ya iya tsuguno kamar Don Eleuterio Pimentel ba. Shi ya faɗa da bakinsa, wa kuwa zai fi shi sani? Shekara ashirin da biyu yana tsugune bayan mai bugu yana cafe wa ƙungiyar garin Los Jobos ƙwallo, fuska cikin ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri cikin sulke. Shi Farfesa yake kiran kansa. Mutanen gari kuwa, in ya ba da baya, Sarkin Tsuguno suke cewa.

Ya je Amurka, ai kowa ya sani. Kwana goma sha ɗaya ya yi a wata ƙaramar ƙungiya aka sallamo shi, amma kwanakin nan sun yi albarka, don har yau bai gama ba da labarinsu ba. Da la'asar a shagon Doña Casilda, inda ake buga domino, sai ya baje yatsunsa a kan tebur, karkatattu kamar saiwar rogo, farata sun sha farin fenti don mai jifa ya riƙa hango alama.

"Ku kalli yatsun nan da kyau," in ji shi. "Mai jifa hannu ne kawai, ni ne kai. In nuna ɗaya, ya jefo mai gudu. In nuna biyu, ya jefo mai lanƙwasa. Littafin dokokin wasan nan kuwa, ko ya ƙone ƙurmus ku zo wurina, daga bango zuwa bango zan karanto muku."

"To Farfesa, kwashe mana ilimin daga kan tebur, wasa za mu yi," in ji Doña Casilda.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa bawan Allah a rai. A bangon filin wasan gari an zana gwarzaye huɗu, gefensu akwai gurbi ɗaya fari tas. Gwiwoyi sun gaji, in ya miƙe sai ka ji ƙas-ƙas, bana ce shekararsa ta ƙarshe. Mai ƙungiya, Don Bienvenido, ya yi alkawari a gaban jama'a: in an ci kofi bana, gurbin na Eleuterio ne, in ba a ci ba ya haƙura. Tun ba a je ko'ina ba mutumin naka ya kai wa Nicanor mai zane hotuna uku, ya ja masa kunne ya rage tumbin, ya ƙara gashin baki.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi a garin Boca Prieta, maƙwabtan nan da suka shekara arba'in ba su taɓa ɗaga ko kofin shayi ba. Rabin Los Jobos suka ɗunguma can a babura da bayan motocin rake, da ganguna da tukwanen shinkafa da wake.

Zagayen ƙarshe, Los Jobos na da uku, masu gida na da biyu. Saura mutum ɗaya a fitar a ɗauki kofi. Sai dai 'yan Boca Prieta biyu na tsaye a tasha ta biyu da ta uku cikin tashoshin da ake zagayawa, suna jiran su ruga gida, wato inda Farfesa ke tsugune, su ci. Mai bugu ya kai duka sau biyu ya sami iska, in ya ƙara kuskurewa shi ke nan. Farfesa ya nuna yatsu biyu. Wilkin mai jifa ya girgiza kai. Ya sake nunawa, ya sake girgizawa. Ai sai Farfesa ya tsayar da wasa, ya taka har wurinsa yana ɗingishin manya.

"Ni kake girgiza wa kai? Ni?"

"Maigida, yau mai lanƙwasar nan ƙasa take ci."

"Jefo abin da aka ce maka. Lokacin da nake Amurka..."

"Na ji, na ji, koma ka tsuguna."

Wilkin ya jefo. Mai bugu ya kai duka, ya sami iska a karo na uku. Amma ƙwallon ya ɗan sumbaci ƙasa kafin ya shige safar hannun Farfesa. To ko masu wasa da sandar tsintsiya a lungu sun san wannan doka: in na ukun ya taɓa ƙasa, mai bugu bai fita ba sai an taɓa shi da ƙwallon, ko an riga shi kai ƙwallon tashar farko. Alƙalin wasa bai ce ya fita ba. Mai bugu ya yar da sanda ya ari na kare zuwa tashar farko.

Farfesa fa? Ya daka tsalle, ya cire ragar fuska, ya sumbaci ƙwallon, ya juya wajen 'yan kallo ya wurga wa Don Bienvenido shi kyauta. Wallahi a shekara ashirin da biyu bai taɓa jifa mai kyan wannan ba, cak a hannun maigidan ya sauka.

"Tashar farko! Tashar farko!" 'Yan Los Jobos suna ihu kamar maƙogwaro zai tsage. Shi ya ɗauka kirari ne. Ya ɗaga hannuwa sama, ya tsotse tumbi saboda masu hoto, ya rusuna hagu, ya rusuna dama. Ta bayansa ɗan Boca Prieta na farko ya shigo gida. Na biyun ma ya iso, ya tarar an tare hanya, har da cewa, "Gafara dai, Farfesa," sannan ya taka gidan.

Huɗu da uku. Don Bienvenido ya tsaya riƙe da kyautarsa yana kallonta, ya rasa aljihun da zai saka ta. A hanyar komawa gida ko ganga ɗaya ba a kaɗa ba. Abin da ciwo, don har Doña Casilda sai da ta yi hawaye.

Gurbin bangon Los Jobos dai tallar sabulu aka manna a ciki. Amma kada wani ya ce ba a girmama mai ilimi a ƙasar nan. Bayan wata ɗaya 'yan Boca Prieta suka aiko aka tafi da Nicanor, ya zana Farfesa a bangon filinsu, ya fi kowa girma: hannuwa a sama, gashin baki har kunne, tumbi yadda Allah ya yi shi, mutum biyu na wucewa ta bayansa. A ƙasa aka rubuta da jan fenti: "Don Eleuterio Pimentel, wanda ya ci mana kofinmu na farko."