Sunan Baba a Mujallun Turai

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa mahaifina tafinta ba. A shekarun da masaƙun Kakuri suka fara korar ma'aikata ne, kuma Baba na cikin waɗanda aka sallama. Mutumin da kullum asuba ake kiran sunansa a bakin get, sai ya koma zaman tabarma a gidanmu na Unguwar Mu'azu a Kaduna, ba mai nemansa.

Ni kuwa lokacin ina koyarwa a jami'a a wani gari, dokta a fannin fiziks, irin na alli da allo (ko tocila ban iya gyarawa ba, kada ku tambaya). A aikinmu, darajar mutum ita ce yawan masanan da suka ambaci maƙalarsa a cikin nasu rubutun. Kuma Turawa da sunan uba suke kiran mutum. Wata rana na ga Baba ya yi jugum, sai bakina ya kufce.

"Baba, ai sunanka ake ambata a mujallun Turai. Tanko, Tanko, ko'ina."

Fuskarsa ta washe. Daga ranar, duk ƙarshen makon da na zo gida, kafin in cire takalmi zai ce, "Dokta, an kira ni kuwa?" Ni kuma in ce an kira, har a Jamus. Gaskiyar magana, an ambaci Tanko ɗin, amma ni ne mai ambaton. In na rubuta sabuwar maƙala, sai in kafa hujja da tsohuwar. Duk duniya ba wanda ya tanka mini.

Ana haka jami'a ta gayyato wani farfesa daga Indiya ya auna ayyukanmu don ƙarin girma. Aka ce in raka shi Kaduna ya hau jirgi. Da na yi hankali da na wuce da shi kai tsaye, amma son a sani ya sa na biya da shi gida.

Inna ta yi shinkafa da kaza. Baba ya saka babbar rigarsa ta Sallah. Maƙwabcinmu Oga Emeka, makaniki ne da ya fi shekara ashirin a Kaduna, shi ma ya shigo gaisuwa da baƙin mai a hannu, ya tsuguna daga gefe. Wallahi na manta da shi.

Bayan an ci, Baba ya gyara zama ya ce, "Tambaye shi, yaya suke jin sunana a can?"

Na juya tambayar yadda na ga za ta fisshe ni. Farfesan, bawan Allah mai gaskiya har ta yi yawa, ya amsa da Turanci a hankali. Ya ce ya bincika sosai, bai ga wanda ya ambaci aikina ba sai ni kaina, amma kada in karaya, aikin ba laifi.

Na ce, "Baba, ya ce sunanka ya zaga ko'ina, har ɗalibai sun haddace shi."

"A'a, Dokta," in ji Oga Emeka daga gefe. "Kai bai ji shi da kyau ba, Turancin Indiya ne, e dey hard, akwai wuya. Baba, ya ce ba kowa yana kira sunan. Dokta kaɗai yana kira."

Taimakona yake yi, har da murmushi! Zufa ta karyo mini har cikin takalmi. Inna ta kwashe kwanuka ta shige ɗaki. Farfesan na ta kallonmu yana gyaɗa kai, a zatonsa godiya ake masa.

Na so Baba ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya shafa gemu ya ce, "To, Emeka, in ɗa bai kira sunan ubansa ba, wa zai kira?" Ya miƙa wa baƙo hannu, ya shiga ciki ya cire babbar rigar.

Bai sake tambayata ko an kira shi ba. Nakan iso gida in tsaya ina jan jiki wajen cire takalmi, ina jiran tambayar, sai dai ya ce ya hanya. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, wani masani a Japan ya ambaci Tanko a ƙasan shafi, cikin ƙananan haruffa. Na ɗauki mujallar na rasa wa zan nuna wa. Ƙarshenta Oga Emeka na kai wa gareji, ya goge hannu ya duba, ya ce Allah ya jiƙan Baba.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka yi ƙarya a tafinta, fara duba wa ke tsugune a gefe. In kuma za ka yi wa tsoho albishir, ka tabbata zai iso yana da rai.