Yadda Na Ƙosar da Kifin Rakiya

Har gobe ba zan taɓa mantawa da shekarar farin nan ba, kuma ba tsadar hatsi ce ta sa ba. Kifi ne.

Ɗiyata Rakiya tana ajin ƙarshe a jami'a lokacin. Aikinta a kan wasu ƴan kifaye ne masu zane kamar jakin dawa, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Ta ce yadda kitse ke yawo a jininsu ya yi kama da namu, shi ya sa da su ake gane yadda yake toshe wa mutum hanyar jini har zuciya ta gaza. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Da kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta yankewa a lakwal ɗinsu can jami'a, famfo ma ya ƙafe, sai ta kwaso su gida Birni cikin tulu biyu na gilas. Ana nan tafiya Yamai ta kama ta. Ta ce, "Inna, na dama ki ba su gwaiduwar ƙwai. Na hagu wannan garin abincin kifin kaɗai, ɗan kaɗan. Don Allah kar ki haɗa." Na ji sarai (kunnena lafiya lau, ba ni da wannan uzurin).

To amma a shekarar nan, a unguwarmu ko kunu aka dama sai an miƙa ta kan katanga. Ba a ci mai kallo na kallo. Ni kuwa in zuba ƙwai a dama, na hagu su taru jikin gilas suna buɗe baki? Na daure, na daure. Rannan dai na ce, "Ku ma bayin Allah ne." Na fara rabawa daidai. Har ƙwan da zan ci nake bar musu.

Bayan ta dawo, malaminta ya zo da ɗalibai biyu su ɗauki kifin. Na shimfiɗa musu tabarma, na shiga kawo ruwa. Ina fitowa na tarar ya ɗaga tulun yana dubawa.

"Rakiya, waɗanne ne na ƙwai? Duk tumbinsu ɗaya."

Maimakon in yi shiru, sai na gyara mayafi (ina jin kaina fa!) na ce, "Ai Malam, aikina ne. Na hagun nan da ƙashi da ido aka bar mini su. Dubi yadda suka murmure."

Rakiya ta ɗora hannu a ka. "Inna! Wata nawa ina wannan aikin?"

Malamin ya sauke tulun a hankali. "Hajiya, ramammun nan su ne shaidunmu. Da su muke gwada abin da ƙwai ya yi wa masu ƙiba. Kin ciyar da shaidu."

Ɗalibi ɗaya ya fice zaure da gudu, ina jiyo dariyarsa har waje. Ni kuwa ina tsaye da kwanon ruwa, na rasa inda zan ajiye shi. Malamin ya ƙara da cewa, "Amma kiwo kam kin iya." Wai lallashi ne.

Rakiya ba ta gama tare da ƴan ajinsu ba. Sai da ta sake daga farko da sababbin kifaye, kuma a gidan ƙawarta ta ajiye su. Ta yi daidai.

Yanzu in aka bar mini amanar wata halitta, ko kazar maƙwabta ce, sai na tambaya tukun ko yunwarta aiki take yi.