Yadda Za Ka Rasa Aiki Ba Ka Taka Ofishin Tallafi Ba

An rufe ma'aikatarku? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ba mai ganin ƙafarka a ofishin tallafin marasa aiki. An gwada hanyar a kan Darryl Tuckwell, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana yanka katako a wani gari na gaɓar Tasmaniya, kuma har yau kansa a sama yake.

Mataki na ɗaya: Tsaya kan bakanka

Shekara da shekaru kana cewa masu karɓar tallafi cima-zaune ne. Darryl har rubutu ya manna a bayan a-kori-kurarsa: "Ni ke ciyar da ragwaye." Kada ka ɓamɓare naka. Harajin da aka yi ta yanka a albashinka don wasu aka tara shi. Ranar da dala ɗaya ta dawo hannunka, ka zama irinsu.

Mataki na biyu: Kada ka cire kayan aiki

Kowa a garin ya san an sa wa masana'antar kwaɗo, jarida ma ta buga hoton. Wannan ba hujja ba ce. Darryl kan tashi da sassafe, ya zura rigarsa mai ruwan lemo da takalmin ƙarfe, ya tafi bakin teku inda ake sauke ƙananan jirage, ya zauna cikin mota yana kallon ruwa. In an tambaye ka, ka ce, "Akwai wasu 'yan abubuwa a hannu." Ba ƙarya ka yi ba, sitiyari ma abu ne.

Mataki na uku: Kada zagayenka ya wuce ka

Ka san ƙa'idar mashaya ranar Juma'a. In kun zauna ku shida, kowa sai ya saya wa teburin gaba ɗaya, wanda ya sulale kafin nasa ya zo kuwa, har jikokinsa sai sun ji labari. Rashin aiki bai soke ƙa'idar ba. Duk shidan da ke teburin Darryl rana ɗaya aka sallame su, kuma ba wanda ya yarda ya fara tashi.

Bluey mai jan gashi, tsohon direban motar gungume, shi ne ya yi kuskuren faɗin gaskiya ga Darryl, wanda suke kira Daz.

"Daz, ni fa na je na yi rajistar tallafi. Ba wani abu ba ne."

"Kai dai an yi asara, jan kai. Da hannunka da ƙafarka?"

"Da hannuna da ƙafata da 'ya'ya uku, mutumina."

Darryl ya ɗaga hannu ya kira mai sayarwa. "Ƙaro shida! Har da na ɗan gatan gwamnati."

Bluey ya shanye kofinsa. Lura da darasin: a nan wanda ya biya shi ya ci nasara.

Mataki na huɗu: Nemo mai ɗaukar kayan

Mutunci na da nauyi, kuma mai wayo ba ya ɗaukar nasa da kansa. Matar Darryl, Noeleen, a gidan kula da tsofaffi take aiki, tana ɗaga su daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa wanka. Da abinci ya fara ja baya a gidan, ta ƙara da Asabar, daga baya ta ƙara da Lahadi.

Wata safiya ta dafa teburin kicin ta ce, "Daz, bayana ya fara ciwo. Don Allah ka je ofishin nan. Haƙƙinka ne fa."

"Ubana bai taɓa roƙon kowa ba."

"Ubanka da aikinsa ya mutu."

In taka ta kawo irin wannan magana, yi yadda Darryl ya yi: fita ka tayar da injin yankan ciyawa. Ba muryar da ke fin ƙararsa. A shekarar, ciyawar ƙofar gidan Tuckwell ta fi ta kowa kyau a layin.

Mataki na biyar: Jira

Ba abin da za ka yi a nan. Wata Lahadi, Noeleen na cikin fito da wani dattijo daga wanka, bayanta ya riƙe. Hutun jinyarta ya ƙare, bayan bai saki ba. Yanzu gidan na da marasa aiki biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ba ta da girman kan da za ta kare.

Mataki na shida: Kai ta, amma ka ajiye mota nesa

Kai ba azzalumi ba ne, ba za ka bar ta ta hau bas zuwa ofishin tallafi ba. Darryl ya ajiye mota a bayan babban kanti, layi biyu daga ofishin, ya jawo hula ta rufe masa ido. Noeleen ta bi babban titi da sanda, a hankali, tana amsa gaisuwar duk wanda ya san ta. Da ta dawo, sai da ta ɗauki lokaci kafin ta iya lanƙwasawa ta zauna.

"Sun tambaye ni ko mijina na aiki."

"Me kika ce?"

"Na ce yana gadin mota."

Darryl ya tayar da inji. "Da kin ce yana kasuwanci."

Tun daga ranar, duk abin da ke shiga tukunyar gidan daga ofishin nan yake fitowa. Darryl na cin rabonsa, ya ƙara, sannan Juma'a ta yi ya bugi tebur ya ce shi bai taɓa taka ƙofar wurin ba. Na bincika, gaskiya ya faɗa.

A kula

Mai wannan shafi ba shi da alhakin duk wani baya da ya riƙe, ko shirun da zai zauna tare da ku a teburin cin abinci, ko komawar uwargida ɗakin baƙi da kwana. Mai ƙorafi ya kai wa likita. Wanda ba shi da mata kuma, kada ya gwada, ya je ya bi layi.