Jar Fitila a Cikin Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da daren da na kusa kifar da jirgin sama da babbar rigata ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ƙaramin akawun En'e a Illo. Ƙanwata Hajo ta kwana biyu tana naƙuda, haihuwa ta gagara, sai 'yan sandan kan iyaka suka buga oba-oba, wato wayar iska, zuwa Sakkwato, aka ce ƙaramin jirgin likita zai zo ya ɗauke ta.

Filin saukar namu fage ne kawai da aka share, ga giginyu a bakinsa. Magariba ta wuce, hadari ya haɗo, iska na bugowa tana tsayawa. Aka jera gwangwanayen kananzir aka kunna. Sarkin aiki, dattijon da ke kula da filin, ya miƙo mini jar fitila.

"Malam akawu, tsaya gindin giginyun can. In kag ga jirgi ya yo ƙasa da yawa, ɗaga ta ka kaɗa. Matuƙi ba ya ganin itatuwa da dare, kai ne idonai."

Ni kuwa na ci ado da babbar riga, wai Hakimi zai zo (ƙanwata na tsakanin rai da mutuwa, ni ina tunanin guga). Da iska ta fara wasa da fitilar, sai na yi abin da kowa ke yi a gida: na tura ta cikin rigata kada ta mutu. Har ina yaba wa kaina hankali.

Sai ga jirgi. Iska ta danno shi ƙasa, ya nufo giginyun kai tsaye. Na sandare, na saki baki, wallahi na manta akwai wata fitila a duniya. Zafi ne a cinya ya farkar da ni. Ashe fitilar ta karkace, riga ta kama. Na tuɓe ta ina salati, ina kaɗa ta sama don wutar ta mutu, iska na ƙara hura ta. Jirgin ya yi ƙara ya ɗaga, ƙafarsa ta tsinko ganyen giginya, ya zagayo ya sauka lafiya.

Haka aka same ni gaban Hakimi da rabin gari, daga ni sai wando mai huji. Matuƙin, wani Bature, ya riƙe hannuna, likita na fassarawa: wai bai taɓa ganin jarumin da ya ƙona rigarsa don ceton mutane ba. Sarkin aiki ya matso kunnena.

"Ina fitilar take sa'ad da jirgi yat taho?"

Na sunkuyar da kai. Bai tona ni ba har ya rasu.

Na dai koyi cewa abin da aka ba ka don a gani, gara iska ta kashe shi da ka ɓoye shi. Hajo ta haifi namiji a Sakkwato, aka sa masa sunana saboda jarumtaka. Yanzu yana da jikoki, kuma har yau in aka kira shi a gabana ƙasa nake dubawa.