Ɗan Tauri da Allurar Barci

To ana cikin haka sai ga Sista Hajjo ta shigo ɗakin maza na asibiti da tawul da ruwan ɗumi. Shi kuwa Baba Tanimu, sarkin 'yan taurin unguwarmu, yana kishingiɗe a gado, kwana uku da yi masa aikin afendis, 'yan dubiya sun zagaye shi. Cikinsu har da wasu mutum biyu da suka taso tun daga ƙauye don su sha maganin ƙarfe a hannunsa. Yana tsaka da ba su labari, wai allura bakwai aka lanƙwasa a jikinsa, likitoci suka gaji, sai wani abu suka shaƙa masa ya yi barci. Hannun hagu kuwa ya tura shi can ƙarƙashin bargo. Dalili? Farar allurar barcin nan mai kama da madara da aka ɗura masa ta bayan hannu ta ƙona masa jijiya. Hannu ya yi suntum, jijiya ta yi ja ta sandare kamar igiyar guga, zogi har hammata. Shi yana so a gasa masa, amma dai ba a gaban waɗannan mutanen ba.

"Baba, miƙo hannun da aka sa allurar."

"Wace allura kuma, 'yar nan?"

"Wadda ka yi ta kiran sunan mahaifiyarka lokacin da ruwan yake shiga."

Sista Hajjo ta matso bakin gadon. Ta janye bargo, hannu ya fito fili, ga hudar allura a tsakiya ɓaro-ɓaro. 'Yan ƙauyen nan suka kalli juna, ɗaya har ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Baba Tanimu ya ga sana'ar shekara talatin tana shirin bin ƙofa, nan take kansa ya kawo wuta. Ya hango mai gadon kusa da shi ana yi masa ƙarin ruwa, ya nuna hannun mutumin.

"Ku matsa ku duba abin da suke bari a jijiya. Ƙarfe kuka gani? Roba ce. Ni kuwa tunda nake ban taɓa ce wa kowa na sha maganin roba ba."

Mutane suka leƙa, wallahi kuwa roba ce. Aka hau gyaɗa kai ana "haka ne, Sarki", mai takalmi ya koma ya zauna. Baba har ya gyara hula.

Sista Hajjo ta tsoma tawul a ruwan ɗumin. Ta gasa hannun tsaf, ta shafa magani, sannan ta ɗage masa riga don duba ciwo. Ga ɗinki nan a jere, ɗaya bayan ɗaya har takwas.

"To Baba, nan kuma fa? Da silifas likita ya farke ka?"